Nauyin da Auta Ya Sauke

Daga Koci zuwa ga Uwar Auta

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki da mijinta da jikarki mai gardamar nan da kuke kira Lauya. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwa da ke tuna mini shekaruna kullum safe, da kunnen hagu da ya yi ritaya ya bar ni da na dama, shi ma sai ya ga dama yake aiki. Shi ya sa nake sake roƙonki ki daina nemana a waya. In na ɗauka ƙugi kawai nake ji, ni ina ihu, mai kira yana ihu, a rabu ba a fahimci juna ba. Direban babbar motar da ke kai wa ma'aikatarku kaji ya ce zai riƙa ɗaukar mana wasiƙa, tunda ta gaban ɗakin horonmu yake wucewa.

Ɗanki lafiyarsa ƙalau. Ranar da kika ba ni shi kin ce don kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito kika yarda, ba don kina ganin dambe sana'a ce ba. Na ji, na haɗiye. To yanzu ki saurara. Tun da nake tare naushin yara da tafin hannuna ban taɓa jin hannun hagu irin na Auta ba. Ran Talata na haɗa shi gwaji da wani ƙato mai ɗaukar kaya a kasuwa. A zagaye na biyu Auta ya sunkuya ya zuba masa hagu a haƙarƙari. Ni da ba na ji sai da na ji ƙarar. Ƙaton ya durƙusa yana amai a kan shimfiɗar roba, haƙarƙari biyu sun tafi. Ɗan Mama kuwa sai ya tsaya a kansa yana ba shi haƙuri da safar dambe a hannu. Na ɗauke shi da mari a ƙeya, na ce nan ba a ba da haƙuri, sai in ya koma gidan kajinku.

Ga babban labari. Mai shirya wasanni ya ba mu gurbi a babban zaure, irin wasan da ake haskawa a talabijin. Abokin karawarsa wani ne da ake kira Kunama, siriri, mugu, ba ya dariya. Matsalar guda ce: gurbin na ajin nauyin da ke ƙasa da na Auta ne, sai ya sauke kilo biyar. Damben zamani ba faɗan bakin famfo ba ne. Ana gobe wasa kowa zai hau sikeli daga shi sai gajeren wando, in ka ɗara ko da nauyin cokali ne an soke ka, wani ya shiga. Yaron da ba shi da kowa a sama ba ya samun irin wannan gurbi sau biyu. Na karɓe wayarsa na kulle a durowa kamar yadda nake wa kowa, don haka kada ki ce ya manta da ke.

Direba zai ba ki kwali guda. Wani kamfanin alewa ne ya ɗinka mana wanduna da sunansa a jiki, ya kuma jibge mana kwalaye har sun tare hanyar banɗaki. Alewa ce da cingam marasa sukari, wai ba sa sa ƙiba, ba sa ɓata haƙori. Yarana suna tsotsa don kashe yunwa. Ki ba Lauya ta more, ke ma ki jefa ɗaya, ko bakin nan naki zai yi zaƙi sau ɗaya a rayuwa.

Yayanki,
Koci

Daga Uwar Auta zuwa ga Koci

Zuwa ga Yaya mai karyayyen hanci,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa da ragowar kunne. Mu nan da sauƙi, ban ce lafiya ba, za ka ji dalili. Aiki yana nan yadda ka sani: tsayuwa tun safe a ɗakin sanyi, kaji suna zuwa a rataye, ni ina farke su ina cire kayan ciki har yatsuna su daina jin wuƙar.

Na karanta labarin haƙarƙarin ɗan mutane. Kai kana murna, ni ina tunanin uwarsa. Kuma ka ji da kyau, ƙeyar da ka mara ni na haife ta. Ka koya masa naushi, na yarda, amma hannunka ya tsaya a aljihunka. Kilo biyar kuma daga ina za su fito? Yaron da in ya juya gefe sai an neme shi?

Lauya ce ba lafiya. Ciki ya kumbura tim, yana ƙugi ana ji daga bakin ƙofa, sai murɗa, sai gudawa kamar an buɗe famfo. Ba zazzaɓi, ba amai. Makon jiya abin ya kubce mata a aji, a gaban yara. Malamar ta fitar da ita ta tsayar a rana da kayan a jikinta har aka tashi, yara suna toshe hanci suna yi mata waƙa. Yarinya 'yar shekara shida, Yaya. Wadda ke ja-in-ja da kowa har da mai gidan haya, ta dawo gida ta shige bayan ƙofa ta ɓuya.

Washegari ban je aiki ba, makarantar na nufa. Malamar ta hango ni ta faɗa ofis ta murɗa makulli, ta yi wa kanta gata. Sai na juya kan matar da ke sayar wa yara abinci a bakin ƙofa, don na daɗe ina lura da bokitin da take wanke kwanuka, ruwa ɗaya tun safe har a tashi. Na tambaye ta da me take dafa wa 'ya'yan mutane abinci. Ta ce in je in tambayi uwata. Ban san lokacin da na kifar da tukunyar ba. Na shaƙe ta da ɗankwalinta, na haɗa fuskarta da teburin, leɓenta ya fashe, ita kuma ta kafa mini haƙora a hannu, har yanzu shatin yana nan. Sai da masu gadi biyu suka ɓamɓare ni daga jikinta. Ban yi nadama ba, gobe ma in ta sake zan koma.

Na hana Lauya cin komai a waje, amma ba ta canja zani ba. Abincin gida ma ta ƙi. Abu ɗaya take karɓa, alewarka. Tun da kwalin nan ya iso ita ce abincinta, safe da rana da yamma, ni kuma na ƙyale ta, tunda ba sukari, kuma ko ba komai wani abu yana shiga cikinta. Duk da haka ta zube. Siket ɗin makarantarta zamewa yake daga ƙugunta, sai da na rage shi da zare da allura. Ni ma na tsotsi 'yan kaɗan a wurin aiki, cikina ya yi ta kiɗa har ta kusa da ni ta ce in fita waje in gama biki in dawo. Ina jin sanyin ɗakin ne ya shige ni.

Ka ce wa Auta ya ci abinci. Ka ce in ji ni.

Ƙanwarka,
Uwar Auta

Daga Koci zuwa ga Uwar Auta

Ƙanwata,

Na sami takardarki, ina fatan wannan ta same ku da sauƙi. Allah ya ba Lauya lafiya, ciwon cikin yara ne, zai wuce. Batun mai abinci kuwa, da na san haka hannunki yake da ke na nema wa gurbi, ba ɗanki ba.

Amma wasiƙar nan taki ta yi mini aikin da ba ki sani ba. Wurin siket ɗin na yi ta maimaitawa. Yarinya tana shan alewa safe da rana da yamma, ta zube har tufa na zamewa daga jikinta. Na ajiye takardar na dubi kwalayen da ke gabana. Ina ta fama da Auta, ga gudu, ga tsallen igiya, ga rigar leda, ya sauke kilo biyu ya tsaya cak, sikeli ya ƙi motsi. Ashe magani yana tare mini hanya ina tsallake shi kullum. Sai na sa wa yarana ido. Duk wanda ya fi tsotsa shi ya fi zarya banɗaki, kuma shi ya fi sauƙi a kan sikeli. Abin nan wanke ciki yake, yana narkar da kitse ya fitar da shi ta ƙasa. Su kansu masu kamfanin ba su san darajar abin da suke sayarwa ba.

Yanzu na kafa masa ƙa'ida. Fakiti guda da safe, guda bayan gudu, guda kafin ya kwanta, cingam kuma a baki kullum yana tofar da yawu a gwangwani. Ruwa da awo nake ba shi, kuma ba ya kai kofi baki sai na ce sha. Cikin 'yan kwanaki sikeli ya fara magana.

Ba zan ɓoye miki ba, ya so ya yi mini taurin kai. Wai cikinsa yana yankarsa, wai ƙafafunsa suna ɗaurewa. Shekaranjiya na shiga banɗaki na same shi ya kafa baki a famfo kamar ɗan akuya. Igiyar tsalle ce a hannuna, ita na yi ta zuba masa a gadon baya har ya saki famfon. Ya juyo ya dunƙule hagun nan, na miƙa masa haɓa na ce bismilla. Ya dube ni, ya sauke hannu, ya fashe da kuka. Na sa ya koma cikin rigar leda ya yi ta tsalle har ruwan da ya sata ya fito ta fatarsa. Daga nan na kwance kan famfon na jefa a aljihu. Kin ce hannuna ya tsaya a aljihu, to yana can, shi da kan famfo.

Kada ki ɗaga hankalinki. Ni ma haka aka yi mini, ga ni ban mutu ba. Duk wanda kika gani a talabijin yana ɗaga hannu, sai da wani ya hana shi ruwa. Tun ranar bai sake yi mini musu ba, ko kofi aka ajiye a gabansa sai ya dube ni tukuna. Saura kilo ɗaya da 'yan kai. Asabar ɗin ƙarshen wata ki nemi wurin kallo, ki tafi da Lauya ta ga kawunta. In ya ci, ki gode wa kanki, don ke kika nuna mini hanya.

Yayanki,
Koci

Daga Uwar Auta zuwa ga Koci

Yaya,

Ina gaishe ka don haka aka koya mini, iyakarta ke nan. A kan bencin asibitin yara nake rubutu, takardar tana kan cinyata.

Lauya ta faɗi a banɗaki. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, tana kuka ba hawaye. Babanta ya saɓe ta a kafaɗa muka yi asibiti. Sun nemi jijiya a hannu sun rasa, sai a ƙafa suka samu, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. An gwada jininta da bayan gidanta, ba a ga ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Likitar ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata duk abin da yarinyar ke kaiwa baki. Na ce ai ba ta cin komai sai alewa, ita ma marar sukari ce. Ta ajiye biro ta ce, “Guda nawa a rana?” Uwar yarinyar ta zuge jakar makarantarta, takardun alewa suka zubo har ƙasa.

Ga abin da ta ce, ka karanta a hankali wannan karon. Abin da ake sawa a madadin sukari, hanji ba ya iya shanye shi duka. Sai ya wuce ƙasa ya zauna, yana jawo ruwan jiki zuwa cikin hanji, ragowar kuma ya ruɓe ya zama iska. Kumburin ke nan, ƙugin ke nan, gudawar ke nan. Babba in ya sha kaɗan sai ya tsira da tusa, kamar ni. Yaro kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi. In aka yawaita, babba da yaro duk hanyar ɗaya ce. Tun da aka raba ta da alewar gudawar ta tsaya, jiya har ta yi gardama da mai allura.

Ka ga ke nan matar da na fasa wa baki ba ta yi mini komai ba. Na yi niyyar in je in durƙusa mata, ƙannenta suka riga ni. Su biyu suka tare ni a lungun bayan ma'aikata na taso daga aiki. Ɗaya ya riƙe ni ta baya, ɗaya ya yi ta sauke mini hannu a fuska, da na faɗi suka bi ni da ƙafa. Haƙorina na gaba yana can cikin kwata. Akwai wuƙa a jakata, ban taɓa ta ba, don na san abin da na yi wa 'yar'uwarsu.

Da wannan kumburarren bakin na dawo asibiti, direba ya biyo ni da wasiƙarka. A tsaye na karanta. Kai wane irin mutum ne? Na rubuta maka jikata tana ƙarewa a tsaye, kai ka karanta ka hango dabara? Ba kitse ke fita daga jikin ɗana ba, ruwan jikinsa ne kake tatsewa, ka kuma tsaya a bakin famfo da igiya. Na kai wa likitar takardarka. Da ta zo wurin kan famfon sai ta ɗago ta dube ni. Ta ce mutumin da aka tsotse haka, in ya sha naushi a kai ba lallai ya tashi ba, kuma ƙodarsa tana iya tsayawa tun kafin a kai ga naushin.

Ka daina ba shi alewar nan yau, ba gobe ba. Ka mayar da kan famfo. Ka soke wasan, gurbin ya tafi duk inda za shi. Na kira wayarka har tawa ta mutu, na san tana can tana kuka a wani lungu kai ba ka ji. Da zan iya barin Lauya da yanzu ina hanya, amma uwarta tsohon ciki gare ta, ko ɗaga yarinyar ba ta iyawa, uban kuma in ya ƙara fashin aiki za a kore shi.

Wallahi Yaya, in wani abu ya sami Auta, zumuncin kakanninmu ba zai shiga tsakanina da kai ba. Farke ciki ne aikina tun safe har yamma, kuma ban taɓa kuskuren wuri ba.

Uwar Auta

Daga Uwar Auta zuwa ga Koci

Yaya,

Gaisuwa. An sallami Lauya, tana cin abinci.

Shiru nake ji. Direba ya rantse mini ya ba ka takardata hannu da hannu ran Laraba, ya ga ka sa ta a aljihun riga. To me ya hana ka amsa? Mijin 'yata ya duba, sunan Auta yana nan cikin masu wasan gobe. Na ce masa wataƙila ba su kai ga gogewa ba ne.

Ko yanzu na hau mota sai dai in tarar an gama, tafiyar ta fi ƙarfin kwana guda. Wannan ma ban san ko za ta riski wani abu ba, kwandastan motar safe na ba. Na janye maganar wuƙa, fushi ne. In ba za ka soke ba, ka ba shi ruwa. Don girman Allah, Yaya, ka ba ɗana ruwa.

Ƙanwarka

Daga Koci zuwa ga Uwar Auta, ta hannun ma'aikaciyar jinya

Ƙanwata,

Ban san yadda zan gaishe ki ba, amma ina gaishe ki. Yaya mai jiki? Ma'aikaciyar jinya mai tabarau ta yarda ta shigo miki da wannan, tunda kin ce in na sake taka barandar nan gadaje biyu za a nema. Kujerar ƙarfen da kika sauke mini jiya da kika iso, kunnen dama ta samu. An yi ɗinki, yanzu duniya duk shiru. Masu gadi sun ce in kai ƙara, na ce ƙanwata ce, gaisawa muka yi.

Kin yi ta jefa mini tambaya ina ganin bakinki ba na ji, amma na san tambayar. E, direba ya ba ni wasiƙarki ran Laraba. Ban buɗe ba. Makon wasa ba na buɗe takardar gida, tawa ko ta yarana, haka nake tun ina saurayi, don maganar gida tana sanyaya zuciya, kuma ban taɓa ganin uwar da ta rubuto a je a yi faɗa ba. Tana aljihuna wurin awo, tana aljihuna a gefen fili. A motar asibiti na buɗe ta, da jinin Auta a hannuna. Ta biyun jiya ta iso.

An ce masu talabijin sun yanke sun sa talla, ba ki ga ƙarshen ba. Gara ki ji daga wanda yake wurin.

Ya ci awo. Sai da muka tallafe shi ya hau sikeli, amma ya ci, har da ragi. Na rungume shi, na ce ya ci ya sha yadda yake so, don haka muke yi, kafin gobe jiki ya cika. Nasa bai cika ba. Da safiyar awo na ƙara masa fakiti biyu don in tabbatar, su ne suka yi ta aiki har Asabar, duk abin da ya shiga sai ya wuce. A ɗakin shiri ina naɗe masa hannu yana tashi yana faɗawa banɗaki da bandeji a rataye. Likitan wasa ya haska idonsa ya tambaye shi ko lafiya. Auta ya dube ni, sannan ya ce lafiya.

Zagayen farko nasa ne, ki riƙe wannan. Ya fasa wa Kunama gira da hagu, jini ya rufe masa ido, zaure ya miƙe tsaye. A na biyu ƙafafunsa suka fara ɗaurewa, na gani da idona. Da ya zauna a kusurwa ya jawo kaina ya ce cikin kunnena, “Koci, cikina.” Na ce ya matse, saura kaɗan. Kunama ba wawa ba ne, ya ga inda yaron ke karewa da gwiwar hannu. A na uku ya bar kai ya koma ciki, ya yi ta sara a wuri ɗaya, har wani naushi ya nutse masa daidai cibiya.

Wandon kamfanin fari ne, ƙanwata. Abin ya zubo ta ƙafarsa har kan takalmi, a ƙarƙashin fitilu, zaure cike maƙil. Na ga bakunan mutane sun buɗe, na ga wani yana nunawa yana dukan cinya. Auta bai faɗi ba. Da ya faɗi da ya tsira. Sai ya sauke hannuwansa, duka biyun, ya kai baya yana son ya rufe kansa da safar dambe, ya juyo yana nemana da ido. Kunama kuwa ya riga ya sako naushin dama, ba abin da ya tare shi. Ya sauka a gefen kansa, na biyu ya same shi yana hanyar ƙasa, ƙeyarsa ta bugi dandamali ta yi tsalle.

Tawul yana kafaɗata. Tsakanin zubowar abin da naushin akwai lokacin da zan jefa shi cikin fili alƙali ya tsayar da wasa. Na riƙe shi gam ina cewa a raina in an kaɗa ƙararrawa zan ɗaura masa a ƙugu. Tunanin da na yi ke nan, ba wani ba.

Likitan da ya buɗe kan Auta ya rubuta mini a takarda cewa sun kwashe jinin, ƙoda kuma suna jira su gani. Ba yafiya nake nema ba. Ina zaune gindin bishiyar bakin ƙofar asibiti, kusa da masu sayar da ayaba. Ki aiko mini ko layi ɗaya ne, ya buɗe ido ko bai buɗe ba.

Yayanki

Daga Uwar Auta zuwa ga Koci, ta hannun ma'aikaciyar jinya

Yaya,

Na amsa gaisuwarka saboda mai jiki, ba saboda kai ba. Ya buɗe ido tun shekaranjiya. Da gangan na bar ka a gindin bishiyar, ina hango ka ta taga, kuma ban ji tausayinka ba.

Ya gane ni, ya ce Mama. Gefensa na dama bai motsa ba tukuna, bakinsa ya karkace, magana da ƙyar take fita. Dambe dai ya ƙare, likita bai ɓoye mini ba. Bai tuna zauren ba, bai tuna wandon ba, na gode wa Allah, kuma duk wanda ya tuna masa zai gamu da ni. Sai dai kansa ya tsaya a wuri ɗaya. A wurinsa har yanzu ana gobe awo ne.

Jiya suka ce dole ya fara sha da bakinsa, don jijiyoyinsa duk sun ƙi allura, ƙodar kuma ba za ta tashi ba sai da ruwa. Na kai masa kofi, ya datse haƙora. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, na yi masa kuka. Na matse masa hanci kamar lokacin da yake jariri ina ba shi magani, na ɗura, ya furzo mini a fuska, ya kai wa kofin naushi ya tarwatse a bango. Hannun hagun dai yana nan. Ma'aikata uku suka danne shi suka zura masa roba ta hanci, ya fizge ta da jini. Yanzu sun ɗaure hannun a jikin gado. Leɓensa ya tsattsage, idonsa yana kan gorar ruwan da ke kan durowa, ba ya ɗaukewa.

Na ce, “Auta, ni na haife ka, ni na ce ka sha.”

Ya ce, “Koci bai ce ba.”

Ni na ɗauki cikinsa, ni na shayar da shi, yau ga ruwa a hannuna, ɗana yana mutuwa da ƙishirwa yana jiran bakinka. Wannan ya fi mini naushin ciwo, kuma ba zan yafe maka shi ba har in koma ga Allah.

Na gaya wa masu gadi su bar ka ka wuce. Hawa na biyu, gadon da ke jikin taga. Ka wanke fuskarka, ka sa rigar horon da ya saba ganinka da ita, kada ka shigo masa da kuka. Ka tsaya inda zai gan ka sosai, ka ce masa an gama awo, ya ci, yanzu ya sha. Ni zan riƙe kofin. Ba za ka ji amsarsa ba, sai ka dubi maƙogwaronsa. In ka ga ya motsa, ka juya ka fita.

Uwar Auta